3.4 Neman Albarkar Shehunai a Harkar Kasuwanci

Bahaushe ya yi imani da cewa wayo kaɗai ba ya kawo ciniki, sai an haɗa da albarka. Wannan ne ya sa a yankunan Makarfi da Kudan da Ikara akan sami 'yan kasuwa mabiya ɗariƙar Tijjaniyya suna rataya hoton Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha (1900-1975) a shagunansu, ko su manna shi a motocin dakon rake da tumatir. Bayan kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a shekarar 1978, suka ta yi yawa a kan wannan al'ada, bisa hujjar cewa wurin Allah kaɗai ake neman arziki. Su kuwa masu yi, cewa suke yi Allah suke roƙo, Shehu tsani ne kawai.