Soyayyar da Ba a Riƙe Hannu

Duk wanda ya saba kallon finafinan Kano ya san saurayi da budurwa na iya kwashe awa biyu suna mutuwar son juna, amma ko yatsa ba zai taɓa yatsa ba. Hatta miji da mata a cikin shirin, sai ka ga tazarar da ke tsakaninsu ta isa a shimfiɗa tabarma.

Dalili na farko sananne ne. Tun 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ga kuma idon malamai da na iyaye, wanda ya fi almakashin hukuma kaifi. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda ta rungumi mawaƙi ClassiQ a bidiyon waƙa, ba ma a fim ba.

Amma akwai dalilin aljihu, kuma shi aka fi mantawa. Masana'antar da ta faro da fim ɗin Turmin Danya a 1990 ta taso ne da kyamarar bidiyo ɗaya, da gidan aro, da motar aboki. Furodusan da ba shi da kuɗin gina fada ko ƙona mota, me ya rage masa? Mutum biyu, kujera, da magana. Soyayya ita ce labari mafi araha, kuma littattafan soyayya irin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino sun riga sun tara masa masu kallo.

To, abin da jiki bai samu damar faɗi ba sai aka ɗora wa waƙa. Mutanen da suka tashi da kallon finafinan Indiya a silimar Plaza da El Dorado ba su ga baƙon abu ba da fim ɗin Sangaya ya zo da rawa da kiɗan fiyano, ya kuma ci kasuwa. A waƙa ne budurwar da ta wuni tana sunkuyar da kai take ɗago ido, ta canja kaya sau biyar a lambu guda. Wasu waƙoƙin, a gaskiya, cikon lokaci ne kawai.

Ni dai inda na fi ganin gwaninta shi ne wajen zance a zaure: budurwa ta kawo ruwa, ta ajiye kofin a ƙasa maimakon ta miƙa wa saurayi, tana wasa da bakin mayafi, shi kuma ya rasa ta inda zai fara, sai ya sake tambayarta ya mutanen gida.