Kasuwar Na'urorin Gem a Khartum da Omdurman

Cinikin na'urorin gem a babban birnin Sudan ya tashi ne a jikin cinikin wayoyi da talabijin. Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, mai neman na'ura yakan nufi Suƙ al-Arabi a tsakiyar Khartum, ko ya haye Farin Nilu zuwa kasuwar Omdurman da Suƙ Libiya, inda kaya suka fi sauƙi. Masu hannu da shuni kan leƙa rukunin shagunan Afra ko na al-Waha. Kayan kuwa daga Dubai da Jidda da Alƙahira suke shigowa, wasu ta hannun 'yan kasuwa, wasu a jakar 'yan uwa masu aiki a ƙasashen Larabawa.

Wannan zagaye yana da dalili. Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin ciniki a 1997, ba ta ɗage shi ba sai Oktoban 2017. Shekaru ashirin ke nan kasuwar tana tafiya ba wakilin kamfani, ba takardar garanti, ba katin banki mai aiki a waje. Mai son sayen wasa ta intanet sai ya buɗe asusu da sunan wata ƙasa, ya sayi katin kuɗinta wurin ɗan kasuwa. Saboda haka aka fi darajanta na'urar da ke karɓar faifai na hannu, wadda mai gyara ya san cikinta, wadda kuma za a iya loda mata wasanni da yawa a shago.

Babban mai saye a nan shi ne mai gidan gem. Ɗaki ne ko shago a cikin unguwa, da talabijin a jere da kujeru, matasa suna biyan kuɗin wasa ɗaya ko na awa, kwatankwacin abin da ake gani a unguwannin Kano. Abin da ake bugawa ƙwallo ne: FIFA, wadda ta koma EA Sports FC a 2023, da PES ta kamfanin Konami, wadda ta zama eFootball a 2021. A garin da ƙungiyoyin ƙwallon al-Hilal da al-Merrikh suka raba zukatan jama'a gida biyu, ba abin mamaki ba ne. Lissafin mai gidan gem a fili yake: na'urar da za ta jure hannaye masu yawa daga la'asar har tsakar dare, ta kuma mayar da kuɗinta. PlayStation ta Sony ce ta amsa wannan buƙata, tun daga PS2 har PS4 ta 2013, har sunanta ya zama sunan sana'ar baki ɗaya. Xbox ta Microsoft tana nan, amma a baya can.

Cikin wannan yanayi Nintendo Switch ta fito ranar 3 ga Maris, 2017, a kan dala 300. Na'ura ce mai fuska biyu: ana ɗora ta a mazauninta ta haska a talabijin, ana kuma zare ta a riƙe a hannu, da allonta da batirinta. Masu sharhi da dama sun yi mata kallon rauni, domin ƙarfin hotonta bai kai na PS4 ba, kuma wadda ta gabace ta, Wii U, ba ta kai miliyan 14 ba a duk rayuwarta. A kasuwar duniya Switch ta ba su kunya, ta wuce miliyan 150, ta sha gaban PS4 mai kimanin miliyan 117.

A Khartum tana da makami ɗaya mai kaifi, wato batiri. Ɗauke wuta tsohon ciwo ne a birnin, musamman lokacin zafi, duk da madatsar ruwa ta Marawi da aka buɗe a 2009. Da an ɗauke wuta PlayStation ta mutu sai an tayar da janareto. Switch kuwa, ƙirar 2019, tana yin awa huɗu da rabi zuwa tara. Ga wanda yaƙi ya kora daga gida zuwa gida, na'urar da ke shiga jaka, ake cajinta da faranti mai aiki da hasken rana, ba ƙaramin abu ba ce.

Sai dai abubuwan da ke gāba da ita sun fi nauyi. Shekara da shekaru FIFA da aka riƙa fitar mata gajeriyar siga ce, mai canjin sunayen 'yan wasa kawai. Ƙananan hannayenta, Joy-Con, sun yi suna da matsalar sandar da ke motsi da kanta, ga kuma ƙurar guguwar habub da zafin da ke haura digiri 40. Wasannin Mario da Zelda ba sa saukar da farashi, kuma yaran unguwa ba da su suka tashi ba. Sannan ga kuɗi: a Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam daga 55 zuwa kusan 375 kan kowace dala, hauhawar farashi a shekarar ta haura kashi 300 cikin ɗari. Uwa uba wayar salula, wadda ita ma batiri gare ta, tana aljihun kowa, kuma PUBG Mobile kyauta ake sauke ta. Gurbin da Switch za ta cike, waya ta riga ta zauna a ciki.

Yaƙin ya ragargaza kasuwar kanta. An wawashe shagunan Suƙ al-Arabi, gobara ta ci sassan kasuwar Omdurman, ciniki ya koma arewa zuwa Suƙ Sabrin a Karari, biyan kuɗi kuma ya dogara ga manhajar Bankak ta Bankin Khartum. Sojojin Sudan sun ƙwato tsakiyar Khartum a Maris na 2025, jama'a sun fara komowa. A watan Yunin shekarar Switch 2 ta fito a kan dala 450, kuɗin da zai sayi PS4 na hannu fiye da ɗaya. Mai sake buɗe gidan gem a Omdurman PS4 ɗin zai saya, da batirin ajiye wuta. Switch za ta ci gaba da shigowa ɗai-ɗai, a matsayin tsarabar 'yan uwa daga Riyad ko Dubai.