Mai Lafiya Ma Yana Iya Ɗauke da Cuta

A shekara ta 2020, sa'ad da cutar korona ta shigo Jihar Jigawa, an kawo almajirai da yawa daga Kano da waɗansu jihohi domin a mai da su hannun iyayensu. Aka sauke su a sansanin masu bautar ƙasa na Fanisau, kusa da Dutse, aka gwada su. Sai ga cutar a jikin waɗansu. Da aka buɗe makaranta, wani yaro a ajina ya ce mini, "Malam, yaya za a ce mutum yana da cuta, ga shi kuwa yana cin tuwonsa yana wasa?" Tambayar ta dace, gama a nan ne asirin wannan cuta yake.

Yadda Take Ɓuya

Ƙwayar korona ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ido ba ya ganinta. Takan shiga ta hanci ko baki, ta zauna a maƙogwaro, ta yi ta hayayyafa. Daga ranar da ta shiga zuwa ranar da mutum zai ji ciwo, akan yi kwana 2 har zuwa 14, galibi kuwa kwana 3 zuwa 6. To, ga inda wahalar take. Kwana ɗaya ko biyu kafin zazzaɓi ko tari ya fara, ƙwayoyin sun riga sun cika hanci da maƙogwaro, mutum yana fitar da su bai sani ba. Akwai kuma waɗanda har cutar ta bar jikinsu ba za su ji kome ba, musamman yara da samari. Su ma suna iya ba waɗansu, ko da yake bai kai na mai tari ba.

An ga wannan a fili a ƙasar Japan a watan Fabrairu 2020. Wani jirgin ruwa mai suna Diamond Princess ya tsaya a Yokohama da mutum 3,711 a ciki. Mutum 712 suka kamu, kusan rabinsu kuwa ba su da wata alama a ranar da aka gwada su.

Yadda Take Fita

Kada mai karatu ya zaci sai an yi tari ko atishawa. Ka hura wa madubi numfashi, za ka ga ya yi damshi. A cikin wannan damshi ƙwayoyin suke fitowa, duk lokacin da muke numfashi, ko magana, ko dariya. Ɗaga murya da raira waƙa sun fi fitar da su. A fili iska takan watsar da su nan da nan. A ɗakin da aka rufe kuwa sukan tsaya kamar hayaƙin murhu, kowa ya yi ta shaƙa. Ka tuna da motar haya daga Dutse zuwa Kano da hunturu, an cika ta maƙil, an rufe gilashi. Ka tuna da ɗakin aji, da gidan biki, da majami'a sa'ad da aka rufe tagogi saboda ƙura.

Abin da Ya Kamace Mu

A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa ga duniya duka. Amma ba ta ƙare ba, tana nan tana yawo. Waɗanda ta fi yi wa ɓarna su ne tsofaffi, da masu ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon huhu.

Saboda haka, iyaye, a buɗe tagogi inda jama'a suka taru. In wani a gida ya kamu, sauran su ɗauka su ma suna iya ɗauke da ita. Su dakata da zuwa gaishe da kaka har kwana kaɗan, in kuwa ya zama dole, a zauna a tsakar gida, a rufe hanci da baki da takunkumi. A riƙa wanke hannu da sabulu. Tsofaffi su nemi shawarar ma'aikatan asibiti game da allurar rigakafi, wadda ta iso Nijeriya tun watan Maris 2021.

Abu na ƙarshe, kada mu nuna wa kowa yatsa. Yaran nan na Fanisau ba su san suna ɗauke da kome ba, mai zarginsu ma wataƙila da an gwada shi da an samu. Haka na amsa wa ɗalibina, na kuma sa shi ya tashi ya buɗe mana tagar aji.