Gaskiya ko Jita-jita: A Zuba Gishiri a Ruwan Rijiya, Ya Zama Teku?

Tun da wayoyin hannu suka cika gari, matasan Sabon Birni da na Isa sun saba ganin abin da kakanninsu ba su taɓa gani ba: akwatin gilashi cike da ruwa, ƙananan kifayen teku shuɗɗa da masu ruwan ɗorawa suna juyawa a cikinsa gaba ɗaya, babu mai karo da wani. Wanda ya je Abuja ko Kano wataƙila ya ga abin ido da ido a otal ko a wani ofis. Daga nan sai zance ya tashi a majalisa, kuma da yake Gobirawa ba baƙin kifi ba ne, kowa yana da ta cewa. Gulbin Rima na nan, Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi suna zuba masa ruwa da damina, ga dam ɗin Goronyo can ƙasa. Sai dai ilimin da muka tara a kan kifin gulbi, in aka kwashe shi ɗungurungum aka ɗora wa kifin teku, ajalinsa ne.

Maganar da aka fi ji ita ce, "Ai kihi duk kihi na, in na teku na a zuba mai gishiri." Wannan jita-jita ce, amma tana da ƙafa ɗaya a kan gaskiya. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri. Jarka mai lita 25 za ta ci kusan giram 900, duro mai lita 200 kuwa kilo 7. Matsalar ita ce ba gishirin miya kaɗai ke cikin teku ba. Shi ne kusan kashi 85 cikin 100, sauran kuwa sinadarai ne irin su maganiziyam da kalsiyam da fotashiyam da salfet, da wasu da ke hana ruwan yin tsami. Jikin kifin teku a kan wannan haɗin aka gina shi, shi ya sa masu kiwonsa ke sayen garin gishiri na musamman da aka haɗa a masana'anta. Kantun Bilma da manda da balma sun yi wa dabbobinmu rana shekaru aru-aru, amma babu ɗayansu da ke da ma'aunin teku. Kanwa kuwa kada ma a kusantar da ita, domin sauya yanayin ruwa take yi farat ɗaya. Shi kansa ruwan da za a dama gishirin, na rijiya ba ya wadatarwa, don yakan zo da ragowar taki da sauran abubuwan da ƙasa ta jiƙa masa. Ana so a tace shi da irin na'urar nan mai matse ruwa ta cikin siririyar fata, wadda wasu masana'antun fiyawata ke aiki da ita.

A nan wani zai ce to ai masu kiwon tarwada suna zuba gishiri a kududdufinsu kuma kifi ba ya mutuwa. Haka ne, amma magani ne, ɗan kaɗan, na ɗan lokaci, don rage ƙwayoyin cuta a fata ko don kifi ya huce bayan wahalar tafiya. Tarwada ba ta jure ko rabin gishirin teku. Dalilin yana cikin jini. Gishirin da ke jikin kifi, na gulbi ne ko na teku, bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan teku ba. Kifin gulbi ruwa ne ke ta kutsawa cikin jikinsa, don haka kusan ba ya sha, sai yawan fitsari. Kifin teku kuwa ruwan jikinsa ne ke tserewa waje, don haka kullum cikin sha yake, yana fitar da rarar gishiri ta jajayen kafofin numfashin da ke gefen kansa. In aka musanya musu gida, ɗaya ya kumbura, ɗaya ya bushe yana tsakiyar ruwa. Akwai 'yan tsiraru masu iya zama nan da can, irin wata karfasa da ke tafkin Legas inda kogi ke gauraya da teku, amma kifayen murjani, wato masu launin nan da ake gani a akwati, ba sa cikinsu.

Abin da ya fi ruɗar mu, a ganina, shi ne da tarwada da gaiwa muke auna kifi. Tarwada tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take wuni a cikin baho a kasuwa da ruwa ɗan cikin cokali tana motsi. Gaiwa ma huhu ne da ita: in tafki ya ƙafe sai ta haƙa laka, ta naɗe kanta da majinar jikinta, ta kwana watanni har ruwa ya dawo. Wanda ya tashi yana ganin waɗannan dole ya ɗauka kifi abu ne mai taurin rai. Alhali su biyun ne suka fita daban. Kifin murjani ya fito daga wurin da zafin ruwa ba ya wani motsi tsakanin dare da rana, kuma igiyar ruwa ba ta daina kaɗawa. A akwati ana riƙe masa digiri 24 zuwa 27. Mu kuwa a watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yana haura digiri 40, da hunturu kuma dare yakan sauko ƙasa da 20. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa, mai gishiri kuma ya fi kasawa: a digiri 25 lita ɗaya ta ruwan daɗi tana riƙe kusan miligiram 8, ta teku ba ta kai 7 ba. Ke nan famfon da ke kaɗa ruwa ba ado ba ne. In wuta ta ɗauke da tsakar daren bazara, sa'o'i kaɗan sun isa a wayi gari da gawarwaki. A garuruwan da wutar gwamnati ta zama labari, duk mai wannan buri sai ya fara da lissafin sola da batir da na'urar sanyaya ruwa kafin ya tambayi kuɗin kifi ɗaya.

Dabarar randa takan zo a rai, wato a bar ruwa ya riƙa tashi sama don ya huce. Masu kiwon ma suna yin irinta, su kafa fanka tana busa saman ruwan, zafi ya ragu da digiri ɗaya ko biyu. Amma nan ne wata jita-jitar ke jira: wai in ruwa ya ragu, sai a cika da ruwan gishiri tunda na teku ne. Kuskure ne mai kisa. Ruwa ne kaɗai ke tashi, gishiri yana nan. Duk cikon da aka yi da ruwan gishiri ƙara masa kauri ne, kuma da iskar hunturu mai busar da leɓe abin ba ya ɗaukar kwanaki. Da tataccen ruwan daɗi ake cikawa. Ruwan gishiri sai ranar canji, lokacin da aka kwashe kashi 10 zuwa 20 cikin 100 aka mayar da sabo, kuma da ma'auni ake gwada kaurin, ba da harshe ba.

Sai batun garke, wanda shi ne ya ja hankalin mutane tun farko. Ana cewa ka sayi guda goma iri ɗaya, za su riƙa yawo tare kamar yadda ake gani a bidiyo. Rabin gaskiya ce. Ba zumunci ke haɗa ƙananan kifaye ba, tsoro ne. A teku, babban kifi in ya afka wa ɗaruruwa masu kama ɗaya suna ƙyalli, sai ya rasa wanda zai bi. A cikin akwati babu mai farauta, don haka bayan 'yan makonni kowa ya kama gabansa, daga nan kuma rigimar wuri da ta abinci ta fara. Ɗan koren kifin nan mai shuɗi-shuɗi da ake kira kiromis, wanda bai wuce santimita 10 ba, shi aka fi sayar wa sababbin shiga da sunan kifin garke. A tekun Indiya da Fasifik da Bahar Maliya ɗaruruwa suke taruwa a kan murjani mai rassa. A ƙaramin akwati kuwa masu kiwo sun daɗe suna kukan abu ɗaya: manya su tasa mafi rauni a gaba har ya mutu, su koma kan na biye da shi, a ƙarshe a tsira da ɗaya ko biyu.

Kifin Bangai ma haka. Ɗan kifi ne mai ratsin baƙi da fari, asalinsa 'yan tsibiran Bangai ne kawai a Indonesiya. Yana ƙarami yana zama cikin taro, amma da ya balaga sai a ware biyu-biyu, ma'aurata su kori saura. Namijin ne ke riƙe ƙwai a bakinsa na makonni ba ya cin abinci, abin da masuntanmu ba za su yi mamakinsa ba, don sun san karfasa mai ɓoye 'ya'yanta a baki, sai dai a karfasar gulbinmu uwa ce ke yi. 'Ya'yan Bangai ba sa yin nisa da inda aka haife su, saboda haka da kasuwa ta gano shi a tsakiyar shekarun 1990 aka shiga kwasa, a 2007 ya shiga jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Yanzu ana samun wanda aka ƙyanƙyashe a gona, kuma shi ya kamata a nema. Akwai wani mai suna antiyas, ja-ja mai ruwan lemo, wanda garkensa ya fi ɗorewa, namiji ɗaya da mata da yawa, in namijin ya mutu babbar macen ta rikiɗe ta zama namiji. Shi kuma cikinsa ne matsala: sau uku ko fiye a rana yake son ci, ga buƙatar akwati mai faɗi. Masu garke na haƙiƙa irin su sadin, waɗanda ba sa rabuwa ko da mai farauta ko babu, sai manyan gidajen kallon kifi masu zagayayyun tankuna, don ba su san tsayawa ba kuma kusurwa tana raunata su.

Ko an dace da nau'i, zuba goma a rana ɗaya cikin sabon akwati wata hanyar asara ce. Ana ganin in ruwa ya yi garau to lafiya lau ne. Jita-jita. Kifi yana fitar da amoniya, guba ce marar launi, kuma ta fi cizo a ruwan teku fiye da na gulbi saboda yanayin ruwan. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke zama a jikin duwatsu da yashi da matata, suna juya ta zuwa abin da ba shi da haɗari sosai, kuma sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Don haka akwati yakan yi wata guda yana aiki babu kifi ko ɗaya, sannan a riƙa sakawa kaɗan-kaɗan. Mai tsaftar da zai kwashe komai ya wanke da omo ranar Juma'a ya kashe ma'aikatansa da hannunsa. Masu kiwon tarwada a tankin siminti ko na tamfol sun san warin ruwan da amoniya ta yi wa yawa, sai dai su suna da mafita mai sauƙi, su zubar su tara sabo. Mai ruwan teku kowace jarka da ya zubar kuɗin gishiri ce.

Zancen cewa kifi yana girma ne daidai faɗin mazubinsa, wannan a taƙaice: tsumburewa ce, ba dacewa ba. Gurɓataccen ruwa da cunkoso ne ke hana shi girma, kuma ba ya yin tsawon rai.

Ga kuma tafiya. Kifin da aka kamo a Indonesiya ko Filifin, inda har yanzu wasu ke fesa gubar sayanayid a murjani don kifi ya suma a kama shi, sai ya bi jirgi cikin leda zuwa Legas. Daga can zuwa Sakkwato kusan kilomita 1,000 ne, kafin a kama hanyar gabas zuwa Isa ko Sabon Birni, hanyar da kowa ya san halin da rashin tsaro ya jefa ta. Kifin da ya sha guba yakan yi kyau a shago, ya mutu bayan kwanaki, mai saye ya ɗora wa kansa laifi ko ya ce kambun baka ne.

Akwai kuma masu cewa kifin ado duk daga ƙasashen waje yake zuwa. Wannan ma jita-jita ce. Najeriya tana cikin masu fitar da shi, ta Legas, kuma na ruwan daɗi ne: mai dogon baki kamar hancin giwa, da mai fiffike kamar malam-buɗe-littafi, da wani siriri mai kama da maciji daga yankin Neja Delta, duk suna cikin akwatunan Turai da Amurka. A arewa ma, a 1928 wani masani Bajamushe mai suna Ernst Ahl ya bayyana wani ɗan kifi mai launi da aka samo a kogin Kiyawa kusa da Katagum, ya raɗa masa sunan kogin. Irin wannan kifin a kududdufin damina yake rayuwa, ya binne ƙwai a laka, ƙwan ya jure rani ya ƙyanƙyashe da ruwan farko. Shi da gaiwa da tarwadar da ke jan ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa da dare sun isa su bayyana abin da ya sa ake rantsuwa cewa kifi yana saukowa daga sama tare da ruwa.

Wanda garke ne ya ba shi sha'awa, kawara tana nan a Rima, farare ƙal, suna bin ambaliya zuwa fadama a tare suna juyawa a tare. Ba ta neman gishiri, kuma ta san zafinmu da sanyinmu. Amma ita ma ba tarwada ba ce: tana son dogon akwati da ruwa mai motsi, tana saurin galabaita in iska ta yi ƙaranci, kuma sai an rufe mata sama, don tsalle take yi. Ƙanana ake nema, daga hannun masuncin da zai ɗebo su da ruwansu a bokiti maimakon ya zazzage su a kwando.