Tunguma da Tarkama: Yadda Arewa Ke Tambayar Gaibu

Idan aka ambaci duba a Afirka ta Yamma, sunan Ifa na Yarbawa ke fara zuwa baki. Babalawo na zaune gaban faifan katako da aka barbaɗa wa gari, da ƙwayar kwakwar manja 16 a hannu. Ya damƙa, ya duba abin da ya saura, ya ja layi ɗaya ko biyu da yatsa, har siffa ta cika. Siffofin, waɗanda ake kira odu, 256 ne, kowace da baitocinta da sai an yi shekaru ana hadda. A 2005 hukumar UNESCO ta sanya Ifa cikin manyan kayan gadon ɗan'adam. Bahaushen da ya taɓa ganin mai bugun ƙasa ba zai ji abin baƙo ba, don shi ma gidaje 16 yake lissafi da su.

To amma a ƙasar Arewa ta jihar Doso a Nijar, daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, akwai wani duban da ba sa'ar mutum ɗaya yake nema ba. Shari'a yake yankewa, ya kuma naɗa shugaba.

Tun da daɗewa iko a nan kashi biyu ne. Arawa, waɗanda ke danganta kansu da Ari ɗan sarkin Barno, su ke da sarauta da doki, irin su Sarkin Arewa a Matankari. Gubawa kuwa, da aka tarar a wurin, su ke da ƙasa da iskokinta. Manyansu su ne Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji.

A Lugu ne dutsen Tunguma yake. Labarin baka ya ce shi ya yi wa Sarauniya ta farko jagora daga Daura har inda ta sauka. Wanda aka yi wa sata, ko masu rikicin gona, ko wanda ake zargi da maita, su kan kawo ƙara gabansa. Masu kula da shi su yi tambaya a bainar jama'a, motsin dutsen ya zama amsa, magana ta mutu. Ko me mutum ya ɗauka game da dutse mai motsi, hikimar a fili take: hukuncin ba daga bakin wani ɗan gari ya fito ba, balle wanda ya sha kaye ya ƙulla gaba da shi har jikoki.

Tarkama ta fi wannan ɗaukar rai. In Sarauniya ta rasu, a naɗe gawar, maza su ɗauka, matan zuriyar su hallara. Aka ce gawar ce ke jan masu ɗauke da ita, ta wuce wannan, ta kauce wa waccan, sai ta dungure wadda za ta gada. Babu kamfe, babu kuma ƙi. Wadda aka zaɓa ta sa farin tufafi, ta tare a ɗakin sarauta har mutuwa. Kan wannan gadon Sarauniya Mangu take lokacin da mutanen Lugu suka gwabza da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Afrilun 1899. Abdoulaye Mamani ya mai da labarin littafi a 1980, Med Hondo ya yi fim ɗinsa a 1986, sai dai jarumar yaƙin da suka zana ta danne mai tsafin ƙasa.

Ifa a ƙwaƙwalwa yake, shi ya sa bayi suka tsallaka teku da shi zuwa Kuba, inda ake yinsa har gobe. Tunguma kuwa sai an je Lugu, sai kuma da zuriyar da ta gaje shi. Yau masallatai sun cika Arewa, malamai na kiran abin shirka, samari sun tafi cirani Yamai da Najeriya, masu rikicin gona kuma galibi fadar sarki ko gidan alƙali a Dogon Dutsi suke nufa.