Wa Ke Da Labari? Ƙorafin 'Yan Wasan Kwamfuta a Kan Kashi na Biyu

Gabatarwa

A wani hutun ƙarshen zango da na yi a gida, wato Salka ta Ƙaramar Hukumar Magama a masarautar Kwantagora, na tarar da ƙanena ya yi tagumi a gaban kwamfutar tafi-da-gidanka kamar wanda aka aiko wa da saƙon mutuwa. Na tambaye shi ko lafiya. Sai ya ce, "Yaya, an cuce ni. Matar da na kashe da hannuna a kashi na ɗaya, ga ta can a kashi na biyu tana tsaye, ko ƙwarzane babu." Sai da gabana ya faɗi kafin na gane wasan kwamfuta yake nufi. Na yi dariya a lokacin, amma daga baya maganar ta tsaya mini a rai, domin tambaya ce ta adabi tsantsa: idan labari ya shiga hannun jama'a, na wane ne? Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin irin wannan ƙorafi, tare da nuna cewa ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe.

Wane Irin Wasa Ne?

Wanda ya san shagunan wasan bidiyo na Salka ko Kwantagora ya san ƙwallon ƙafa da dambe su ne kan gaba, domin ana gama su cikin 'yan mintoci kafin man janareta ya ƙare. Wasan da nake magana a kai dabam yake. Bari in kira shi wasan shiga rigar jarumi. A cikinsa mai wasa ne ke zama jarumin labari: ya zaɓi suna da kama da sana'a, ya tara abokan tafiya, sannan a kowace mararraba ya yanke shawarar da za ta canja abin da zai biyo baya. Duniyar labarin kuwa ta tatsuniya ce, mai cike da sarakuna da matsafa da dodanni. Mutum kan shafe makonni bai kai ƙarshe ba.

Wasan da ya ɓata wa ƙanena rai shi ne Dragon Age, na kamfanin BioWare da ke birnin Edmonton a ƙasar Kanada. Kashi na farko, mai suna Dragon Age: Origins, ya fito a watan Nuwamba na 2009. Ya ba mai wasa damar zaɓar asali ɗaya daga cikin shida. Zai iya zama ɗan gidan sarauta, ko matsafi, ko wada daga birnin ƙarƙashin ƙasa, ko ɗan wata al'umma mai dogayen kunnuwa da ake wulaƙantawa. Daga nan ya zagaya ƙasar Ferelden yana haɗa kan masu gaba da juna domin a tari wata rundunar dodanni. Shi zai yanke wanda zai hau gadon sarauta, da wanda zai rayu, da wanda zai mutu.

Abin da Kashi na Biyu Ya Zo da Shi

Dragon Age II ya fito a watan Maris na 2011, wato wata 16 kacal bayan na farko. Masu sharhi a jaridu da mujallu galibi sun yaba masa, amma ɗimbin masu wasa suka yi masa ca. Za a iya kasa ƙorafinsu gida uku.

Na farko, an ƙwace musu zaɓin asali. Jarumin yanzu sunansa Hawke, kuma ɗan Adam ne dole, sai dai a zaɓi ko namiji ko mace. Na biyu, an ƙuntata duniyar. Maimakon ƙasa guda, kusan dukkan labarin, na kimanin shekara 10, ya gudana ne a birni ɗaya mai suna Kirkwall da kewayensa. Mafi muni, kogo ɗaya ake ta maimaitawa, a toshe wannan ƙofa a buɗe waccan a ce sabon wuri ne. Mai wasa kuwa ba yaro ba ne, ya gane an yi gaggawar aiki. Na uku, kuma wanda ya fi zafi, an yi watsi da wasu shawarwarin da masu wasa suka yanke a baya. Matar da ƙanena ke magana a kai ita ce Leliana. A kashi na farko akwai wurin da mai wasa zai iya faɗa da ita har ya kashe ta, amma duk da haka sai ga ta a ƙarshen kashi na biyu.

A nan ne asalin rikicin yake. Mai karanta littafi ɗan kallo ne, amma mai wannan wasa an ce masa shi ma marubuci ne. Ya yi tunani, ya yi zaɓi, wani lokaci har ya yi nadama. Da aka soke zaɓin nasa, sai ya ji kamar manomin da ya yi shuka, ya dawo ya tarar an nome gonar an zuba wani irin. Ba kyawun sabon irin ne damuwarsa ba, damuwarsa ita ce ba a tambaye shi ba.

Ƙorafin bai tafi a banza ba. Da kashi na uku, Inquisition, ya fito a watan Nuwamba na 2014, an dawo da zaɓin jinsin halitta da manyan filaye, aka kuma tanadi hanyar da mai wasa zai shigar da shawarwarinsa na baya. Wasan ya ci kambun gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards na 2014. Sai dai da kashi na huɗu, The Veilguard, ya fito a watan Oktoba na 2024, shawarwari uku kawai ya ɗauko daga baya, tsohon mikin ya sake tashi.

Mu Dawo Gida

Ɗalibin Hausa bai kamata ya ɗauki wannan a matsayin rigimar Turawa ba. Mu tuna da dandalin tatsuniya. Mai ba da labari ba ya farawa sai masu sauraro sun amsa masa, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban kaka da dare ya san abin da ke faruwa idan ta canja ƙarshen labarin Gizo da Ƙoƙi. Nan take yara za su ce ba haka aka yi ba. Ke nan tun asali mai sauraro na ganin yana da haƙƙi a cikin labari.

Haka abin yake a rubutaccen adabi. Littattafan soyayya da na yaƙi da suka bunƙasa a Kano daga shekarun 1980 kashi-kashi ake fitar da su. Marubuci kan tsaya a daidai inda rai ya tsaya, makaranta su yi ta jira, wasu har su aika masa da wasiƙa. Idan littafi na biyu ya mayar da jarumar da aka sani da haƙuri ta koma mai tsiwa ba tare da dalili ba, sai an ji a bakin masu haya da masu karatu. A fagen fim ma, masu kallon shirin Labarina na Aminu Saira sun yi ta muhawara lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar matsayin Sumayya aka ba Fati Washa. Sunan bai canja ba, amma fuskar da suka saba da ita ta canja.

Akwai wata dabara da ta ƙara jan hankalina. Dukkan labarin Dragon Age II wani wada ne mai suna Varric ke ba da shi, yayin da wata jami'a mai suna Cassandra ke yi masa tambayoyi. Tun a farko ya zuga jarumtar Hawke har sai da ta katse shi ta ce ya faɗi gaskiya. Wannan shi ne labari cikin labari, salon da muka sani a wurin Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911. A Magana Jari Ce aku ne ke zuba labarai, a Ruwan Bagaja kuwa, wanda ya shiga gasar 1933, Alhaji Imam ne ke ba da labarin kansa, kuma a Kwantagora aka buɗe fagen. Na nuna wa ƙanena cewa mai ba da labari irin wannan yana iya ƙari ko ragi. Ya ce, "Yaya, na ji, amma Alhaji Imam bai taɓa miƙa mini takobi ya ce in zaɓa ba." Na rasa amsa, domin ya fi ni gaskiya.

To, Wa Ke da Gaskiya?

Adalci shi ne a saurari ɓangaren marubuta. Idan kashi na farko yana da mararraba da yawa, kowace da sakamakonta, ba zai yiwu kashi na biyu ya bi kowane reshe ba, domin kowane reshe na buƙatar rubutu da zane da 'yan wasan murya da kuɗi. Bayan haka, marubucin da ke bin son ran masoya kaɗai zai yi ta maimaita abu ɗaya ne. Hasali ma, akwai waɗanda daga baya suka yaba wa kashi na biyu saboda ya bar labarin ceton duniya ya koma kan ɗan gudun hijira da danginsa a baƙon birni. Duk da haka, alkawari kaya ne. Wanda ya ce wa mutum zaɓinsa na da tasiri, ya ɗauki nauyin da marubucin littafi bai ɗauka ba.

Kammalawa

Darasin da na ɗauka shi ne, nazarin adabi ba ya cika idan an tsaya kan marubuci da matani aka manta da mai karɓa. Muna yawan rubuta kundin digiri a kan jigo da salo, amma ba kasafai muke zuwa shagon hayar littattafai ko gidan kallo mu ji abin da jama'a ke cewa ba. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu waiwayi wannan fage, mu kuma ƙirƙiro wa waɗannan wasanni kalmomin Hausa tun kafin bakin yara ya saba da na aro. Wata rana wani daga cikinmu zai mayar da neman ruwan Bagaja wasan kwamfuta. Idan ya zo yin kashi na biyu, ya tuna da ƙanena: wanda mai wasa ya binne, a bar shi a kabarinsa, ko kuwa a kawo hujja mai gamsarwa.