KIRSIMATI A GIDA TARE DA YARA

Yau maganarmu a kan Kirsimati ce, da yadda mai gida da uwargida za su shirya ta tare da 'ya'yansu.

Watan Disamba watan ciniki ne. An gama kaka, kuɗi sun shiga hannun manoma, kasuwa ta cika. Mai tebur ya kan fita da asuba, ba ya komowa sai bayan almuru. Ta haka yaro ya kan sami sabuwar riga ran 25 ga wata, amma bai ji dalilin rigar daga bakin ubansa ba. Wannan babbar hasara ce, gama icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Yesu ba. A birnin Roma aka fara samun shaidar kiyaye 25 ga Disamba, a shekara ta 336. Mutanen Habasha da Kibɗawan Masar kuwa ran 7 ga Janairu su ke yin tasu. Ashe abin da ya kamata yaro ya riƙe shi ne labarin. Ga hanyoyi huɗu.

Na fari, karatu. Labarin haihuwar yana cikin surori huɗu, Lahadi huɗu kuma su ke gaban Kirsimati. Lahadin fari ku karanta Luka sura 1, inda mala'ika Jibra'ilu ya zo wurin Maryamu. Na biyu, Matta sura 1, mafarkin Yusufu. Na uku, Luka sura 2, haihuwa a Baitalami da zuwan makiyaya. Na huɗu, Matta sura 2, masana daga gabas da gudu zuwa Masar. Bayan tuwon dare, yaron da ya iya karatu ya karanta, sa'an nan uba ya tambayi ƙanana abin da suka ji.

Na biyu, aikin hannu. A shekara ta 1223 Faransis na Asisi ya shirya komin dabbobi a ƙauyen Greccio cikin Italiya, da sa da jaki masu rai, domin talakawa su gani da idonsu. Yaranmu sun iya gina shanu da yumɓu, sun iya aikin kara. Ku bar su su gina tumaki da makiyaya, su yi rumfa da karan dawa. Wannan ba ya cin ko anini.

Na uku, kuɗi. Ku kai wa tela yadi tun farkon wata, kafin ɗinki ya yi masa yawa. Kada ku taɓa jari, kada ku ci bashi domin bikin yini ɗaya, gama kuɗin makaranta na iya tarad da ku a Janairu. Ku ba kowane yaro asusu, a fasa ran jajibiri, ya ware wani abu domin maraya ko gwauruwa.

Na huɗu, maƙwabta. Maƙwabcinku Musulmi ya aiko muku da nama ran Babbar Salla. Ku ma ku zuba shinkafa da miya, da naman da aka yanka yadda zai iya ci, ku aiki yara su kai, su gaishe shi da ladabi. Zumunta a ƙafa ta ke.

Gargaɗi ɗaya kuma. Lokacin hunturu ne, ciyawa da zana sun bushe, iska tana busawa. Kada ku bar yara su yi wasan wuta kusa da jinka ko rumfunan kasuwa.

Riga za ta tsufa, nama zai ƙare kafin kwana uku. Amma yaron da ya ji labarin Mai Ceto a bakin iyayensa zai faɗa wa nasa 'ya'yan. Ku rufe rumfa da wuri ran Lahadin nan, ku fara.

Allah ya ba ku zaman lafiya a gidajenku. Amin.